Yoyon Madatsa da Ganyen Lanti

A wani daji da ke kwance tsakanin duwatsu biyu, akwai wata madatsar ruwa wadda ba ta da mai ita. Kakannin dabbobin wurin ne suka yi gayya, suka tara ƙasa da duwatsu da kututture a bakin kwari, suka tare ruwan damina don ya kai su ƙarshen rani. Tun daga lokacin ƙa'idar ba ta sake ba: kowa ya sha, kowa kuma in ya ga ɓarna yana iya gyarawa. Ba a biyan mai gyara, ba a hana shi. Dabbobin suna ji da wannan tsari nasu, har in baƙo ya zo sai sun kai shi ya ga madatsar kafin su tambaye shi ko ya ci abinci.

Da yake kowa na iya gyarawa, Cindo ne yake gyarawa. Cindo dabgi ne, mai faratan haƙa, marar yawan magana. Ba wanda ya naɗa shi. Wata shekara ce ya toshe wani rami don ya ga ba wanda ya toshe, shi ke nan aikin ya zama nasa.

Can ƙasan madatsar, a gangare, gida ɗaya ne tak, na wata gafiya mai suna Lanti. Uwarta ce ta haƙa shi, ita kuma ta ƙara masa ɗakin ajiya inda take tara gyaɗa da gujiya. A farkon daminar da ake ba da labarinta Lanti ta haihu, 'ya'yan ko ido ba su buɗe ba. Wata safiya ta jingina da bangon ɗakin da suke kwance, sai ta ji sanyi a bayanta. Ta shafa, ta ga laka a hannunta. Bangon nan kuwa shi ne ke fuskantar madatsa.

Ta rufe yaran da ciyawa, ta hau tudu wurin Cindo.

"Salamu alaikum. Yaya Cindo, ko na tashe ka?"

"Kin tashe ni, amma ba ke kika fara ba yau," in ji Cindo daga cikin rami. Ya leƙo da kunnuwansa. "Ya mai jego? Ya yaran?"

"Lafiya lau, sai dai bango. Ruwa yana tsattsafowa ta ƙarƙashin madatsa, yana shigo mini ɗaki."

Cindo ya fito bakin ramin ya zauna. Can ya ce, "Lanti, ba ƙi nake yi ba. Jiya Zomo ya tare ni a hanya ya ce akwai tsaga a gefen yamma. Na wuni ina nema. Ashe wadda na toshe bara ce. Shi a bakin Hankaka ya ji, Hankaka kuwa a bakina ya ji, bara. Wani ya faɗa mini ina cin abinci, wani ya aiko ɗan'uwansa, wani ya yi mini ihu daga kan bishiya ya tashi. Ban san wanne na gyara ba, ban san wanne ya rage ba. Na gaya wa Baba Kunkuru, ko a samo wuri ɗaya da kowa zai riƙa kai ƙorafinsa, ko in ajiye aikin nan. Gobe za a zauna. Ki zo, daga an tsayar da wurin, taki ce ta farko."

Washegari aka taru a gindin gamji. Baba Kunkuru ne shugaban zama, don ya girmi kowa, kuma ba mai iya tuna wanda ya riƙe kafin shi. Ya buɗe taro, ya yaba wa kakanni, ya yaba wa Cindo, sannan ya ce duk mai shawara ya faɗa.

Hankaka ya fara sauka. Shi ne tun da can ake gaya wa ɓarna, ya bi daji yana shela.

"Jama'a, ni dai ban ga abin da ya lalace ba," in ji shi. "Tun kafin a haifi yawancinku ake gaya mini, ina gaya wa kowa. Akwai wanda ya taɓa kawo mini magana na ɓoye? Ai har ƙari nake yi mata don ta yi daɗin saurare. An ce ina maimaita tsofaffi. To tsohuwar magana ba magana ba ce? Abin da ke kaina ba ruwan da zai wanke shi, ba gara da za ta ci. In kuna so ku sake, ku sake, amma ku fara gaya mini inda za ku juye abin da ke cikin kan nan."

Malam Zalɓe ya taka a hankali zuwa tsakiya. Ya daɗe yana tunanin wannan al'amari, yawanci a tsaye da ƙafa ɗaya.

"Ranka ya daɗe, matsalarmu rashin tsari ce. Ga abin da na shirya. Za a jera tukwane, kowane gefen madatsa da tukunyarsa. Mai ƙorafi zai zo da tsakuwa: fara in ɓarnar ƙarama ce, ja in ta yi tsanani, baƙa in ya tabbata ba laifinsa ba ne. Kafin ya jefa, zai faɗi zurfin wurin, da inda iska ke kaɗawa sa'ad da ya gani, da abin da yake tsaye a kai, da ko ya taɓa ganin irinta a wani wuri. Wanda bai cika waɗannan ba a mayar masa da tsakuwarsa. Ta haka ƙorafin banza ba zai iso wurin Cindo ba."

"Malam, wa zai gina tukwanen?" in ji Zomo.

"Wannan ƙaramar magana ce."

"Wa zai tsare su?"

"Ita ma."

Sai Biri ya diro daga reshe. Ya taɓa yin wata ɗaya a dajin gabas, bai kuma bari kowa ya manta ba.

"Ku dai kuna son wahalar da kanku. A dajin gabas, Giwa tana da wani falalen dutse, sumul, faɗinsa ya fi filin nan. Kowane daji yana da gefensa. Ka je ka yi zanenka, ita ke sharewa, ita ke gadi, ba ta karɓar ko ƙwayar gero. Duk manyan dazuzzuka can suke kai nasu. Mu kaɗai muka rage muna maganar tukwane."

Gwaggo Beguwa ta girgiza ƙayoyinta. "Ɗan nan, yau ba ta karɓa. Ranar da ta ga duk ɓarnarmu tana jikin dutsenta, ta ce sai an kawo mata dami, me za ka ce mata? Ko kuma ta ji zafi kawai ta kwanta a jikin dutsen, wa zai ce ta tashi? Madatsarmu ba ta da mai ita. Ba za mu ɗauki kukanmu mu kai ajiya gidan wani ba."

"To mu zauna da 'yancinmu, Gwaggo, ruwa yana zuba."

"Gara ya zuba a ƙasarmu."

Da Lanti ta ji an ambaci zubar ruwa, sai ta matso gaba, ta durƙusa.

"Baba, Allah ya ƙara maka lafiya. Yana zuba kuwa. A ɗakina yake zuba, inda yara suke."

Baba Kunkuru ya dube ta da tausayi na gaske. "'Yata, na ji, Allah ya kiyaye. Amma yau ba ɓarna muke dubawa ba, inda za a riƙa kai ɓarna muke dubawa. In na karɓi taki yanzu, a ina zan ajiye ta? Ki ɗan ƙara haƙuri. Don irinki muke wannan zaman."

Aka tashi ba a yanke komai ba. Aka sake zama, aka sake. Aka kafa kwamitin da zai duba yadda za a kwashe tsofaffin ƙorafe-ƙorafe daga kan Hankaka, kwamitin ya saurare shi wuni guda, ya nemi a sallame shi. Malam Zalɓe ya ƙara launin tsakuwa biyu. Biri da Gwaggo Beguwa suka daina gaisawa. A duk wannan lokaci hadari yana haɗuwa yana saukewa, tafkin yana cika. Lanti ta matsar da yaran zuwa ɗakin ajiya, ta kwantar da su a kan ɓawon gyaɗa. Ba ta fasa zuwa taro ba. Takan zauna a baya, ƙafafunta da laka, ta saurara har a tashi.

Hawainiya ce ta kawo ƙarshen gardamar. Ba ta goyi bayan kowa ba tun farko, ko kuma ta goyi bayan kowa, ya danganta da wanda take kusa da shi.

"Baba, ni ƙaramar shawara ce da ni, kuma duk daga bakin manyan nan na tsinto ta. Ga aduwa can a bakin tafki, ƙayoyinta dogaye. Mai ƙorafi ya tsinko ɗanyen ganye ya tsire a ƙaya, kowace ɓarna da reshenta. Wanda abin ya dame shi shi ma, ya ƙara nasa ganyen a reshen. Cindo ya duba reshen da ya fi ganye, ya fara da shi, don abin da ya fi damun jama'a shi ya kamata a fara. Ganyen da ya bushe ya faɗi kuwa, maganarsa ta wuce, tunda da tana damun mai ita da ya sabunta. Ta haka bishiyar ba za ta cushe ba. Aduwar a ƙasarmu take, Gwaggo. Kowa yana gani daga nesa kamar dutsen Giwa, Biri. Hankaka ya riƙa shelar abin da ya hau da abin da ya sauka. Malam Zalɓe ya zama mai dubawa, ya je ya tabbatar kafin a taɓa."

Kowa ya ji sunansa a ciki, saboda haka kowa ya ga hikimar abin. Cindo ya tashi ya yi alkawari a gaban jama'a cewa daga yau ba zai saurari kowa a hanya ba, ba zai taɓa aikin da ba ya jikin aduwa ba, kuma zai bi yawan ganye ko da na wane ne. Ranar ya yi barcin da ya daɗe bai yi irinsa ba.

Lanti ce ta fara tsire ganye, kamar yadda aka yi mata alkawari. Ta zaɓi na kalgo, mai kauri, ta soke shi a reshen ƙasa inda tsawonta ya kai. Kafin rana ta take, sai ga garken barewa. Sun daɗe suna jin haushin yadda laka ke ɓata musu ƙafa a mashaya, suna so a yanka musu matakala. Kowace ta tsire nata, reshensu ya yi lif. Kwaɗi suka cika wani reshe a kan cewa ana taka musu ƙwai. Tsuntsaye suna son a kafa musu sanda a tsakiyar ruwa. Bishiyar ta yi kyau ƙwarai, har wasu suna zuwa kallo.

Lanti ta bi maƙwabta tana neman mai ƙara mata ganye. Zomo ya jajanta mata sosai.

"Wallahi abin ba daɗi, Lanti. Amma an ce sai wanda abin ya dama. Ni ai a tudu nake. In na tsire, ƙarya na yi."

Ta tambaya ko za ta iya tsire wa 'ya'yanta, tunda su ruwan ya fi damu. Malam Zalɓe ya ce ƙa'ida ta ce kowa da hannunsa, in sun buɗe ido su zo.

Bai yi sakaci da aikinsa ba, ya zo duba. Ya zo da tsakar rana, ranar da ba a yi ruwa ba, ya tsaya a kan madatsa ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya ɗaga ƙafarsa ya duba ƙarƙashinta.

"Baiwar Allah, ni dai ban ga ruwa ba. Nan inda nake a bushe yake."

"Malam, ba a sama yake ba. Ka sauko ka shiga ɗakin ka gani."

Ya sauko, ya sa baki a ƙofar ramin, wuyansa ya shiga, sauran jikin ya ƙi. Ya ce ciki da duhu. Ya ce ba zai ce ƙarya take yi ba, amma ba zai iya shaida abin da bai gani ba, zai bar maganar a buɗe har a samu ƙarin bayani. Ya tambaye ta inda iska ke kaɗawa ranar da ta fara gani. Ta ce a cikin rami take.

Ta sabunta ganyen da ya fara yaushi, ta sake sabuntawa. Rannan da yamma ta iske Cindo a mashaya yana yanka matakalar barewa. Aikin yana kyau, ya daidaita kowane taki.

"Sannu da aiki, Yaya."

"Yauwa, Lanti." Bai ɗago ba.

"Ruwan ya kai ɗakin ajiya. Gujiyar ta fara tsiro."

Ya tsaya, ya share farcensa a ciyawa. "Na ga ganyenki. Kullum sai na gan shi."

"Aikin yini ɗaya ne a wurinka. Ka san wurin, kai ka ce mini ƙasar gefen nan ba ta da yumɓu."

"Na sani. Amma ni na roƙi a yi tsarin nan, Lanti, a gaban kowa na yi rantsuwa. In na tsallake reshen barewa don ke, gobe Zomo zai dawo bakin ramina, jibi kowa. Mu koma inda muka fito, ni kuma ba zan iya ba. Daga na gama wannan sai na kwaɗi, sai sandar tsuntsaye, sai ke. Ki dai kula kada ganyen ya bushe."

"In ba wanda ya sake tsire wani abu kafin nan."

Cindo ya dubi tudu. Can ya ce, "Akwai tsohon ramina a kan tudu, bayan tsamiya. A bushe yake. Ba sai an tsire ganye ba kafin a ba da aron rami."

"Uwata ce ta haƙa gidan nan, Yaya."

"Na sani. Ina yaro na taya ta fitar da ƙasa."

Ta yi masa sai an jima, ya koma kan matakala.

Daga nan aka shiga marka. Ruwa ya riƙa sauka ba ƙaƙƙautawa, Lanti ba ta da halin barin gida. Tana toshe nan da ciyawa, can yana ɓullowa. Ta tara ƙasa ta yi ɗan tudu a tsakiyar ɗaki ta ɗora yaran, ita tana tsaye a ruwa tana tare su kada su gangaro. Aduwa kuwa tana can ƙetaren tafki. Da aka samu rana ta buɗe, ganyen kalgon da ya riga ya gaji ya ƙanƙance, iska ta ɗauke shi.

Hankaka bai yi wasa da aikinsa ba shi ma. Ya bi daji yana shela, ya bi ta kan gangaren. Lanti tana ciki, ruwa a ƙirjinta, ta ji shi sarai.

"Albishirinku jama'a, an rage ɗaya. Maganar yoyon gangare ta sauka daga aduwa. Tsari yana aiki."

Ta ɗauki ɗan farko a baki ta fita. Ta hau tudu, ta wuce tsamiya, ta ajiye shi a tsohon ramin Cindo, ta koma ta ɗauko na biye. Da ta ɗauko na ƙarshe ta waiwaya, sai ta ga rufin ɗakin ajiya ya zauna. Gyaɗar shekara ta taso tana yawo a kan ruwa, ta bi gangare. Yaran dai ba abin da ya same su. A ramin aro suka buɗe ido.

Ruwan da ya cinye gidan bai tsaya ba. Ya samu hanya ta tsohuwar ƙofar Lanti, yana fitowa siriri, kuma da yake ta cikin ƙasa da tsakuwa yake biyowa, garau yake fita kamar an tace. Wata barewa ce ta fara gano shi. Kafin a jima duk garken ya koma sha a can, don ba laka, ba sai an bi matakala ba. Matakalar Cindo ta zama wurin shan hantsin kwaɗi.

A zama na gaba Lanti ta zo da sabon ganye a hannu. Ta durƙusa ta ce madatsa ta huje, gidanta ya tafi, tana so a mayar da maganar jikin aduwa.

Malam Zalɓe ya nemi izini. "Ranka ya daɗe, sai mun yi hankali da kalmomi. Ƙorafin farko cewa ya yi ruwa yana shiga gida. Na je da kaina jiya, wannan karon na ga ruwan, amma ban ga gida ba. Ba za a ce ruwa yana shiga abin da babu ba. Wannan ƙorafi ya ƙare da kansa. Abin da ke wurin yanzu kuwa, ban ji wanda ya kira shi ɓarna ba sai ita."

"A dajin gabas sai an yi shekaru ana roƙo kafin a samu irin wannan ƙorama," in ji Biri.

"Kuma a ƙasarmu yake," in ji Gwaggo Beguwa. Ranar ce suka koma gaisawa.

Hawainiya ta ba da shawarar a sa wa wurin suna, don a nuna wa mai gidan ba a manta da ita ba. Aka amince baki ɗaya a kira shi Ƙoramar Lanti. Baba Kunkuru ya taya ta murna, ya ce ba kowa ke samun wannan yana raye ba.

"Na gode, Baba," in ji Lanti. "Tambaya ɗaya gare ni. Ruwan nan da ke fita dare da rana, daga ina yake fitowa?"

Wasu suka dubi tafkin, wanda yake cike har baki, kamar yadda ya saba a wannan lokaci na shekara.

"Tambaya ce mai kyau, 'yata," in ji Baba Kunkuru. "Ki tsire mata ganye."

Ta tsire. Cindo ya raka ta har gindin aduwa, ya tsinko nasa ya ƙara a reshen, suka zama biyu. Sannan ya ɗaga kai ya duba sauran rassan, kamar yadda ya yi alkawari.

Ƙoramar tana da aibi ɗaya: ƙanƙanuwa ce, barewa biyu ba sa iya sha tare. Ya zuwa lokacin da damina ta ɗauke, reshen da ya fi kowanne ganye shi ne na masu neman a faɗaɗa hujin madatsar da take fitowa ta ciki, Cindo kuwa kowa ya san shi da cika alkawari.